Darduma a Filin Awon Ƙanƙara

Tun da na dawo ban zauna lafiya a shagona ba. Duk wanda hanya ta biyo da shi unguwar Rusaifa a nan Makka sai ya ratso, ba don katifa ko bargo ba, sai don ya ji yadda na ƙare da ƙasar sanyi. Sale Bakatsine, abokina tun muna yara a Hindawiyya, ya sa na maimaita masa labarin har na gaji, kuma kowane karo sai ya tafi wajen shan shayi ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji ana cewa wai damisa ce ta bi ni a kan dutse. Babu damisar da ta bi ni. Gara in rubuta abin yadda ya faru, mai so ya karanta, ni kuma in koma ga cinikina.

Ga wanda bai san ni ba, katifu da barguna nake sayarwa, mafi yawa ga masu tantunan alhazai a Mina da Arfa. Da kaina na fara ɗaukar su kafin Allah Ya hore mini mota. 'Yata Nafisa kuwa ilmin ruwa ta karanta, kuma duk cikin ruwan duniya ta rasa wanda za ta zaɓa sai dusar ƙanƙara. Yarinyar da aka haifa a garin da kwalta ke laushi da azahar. Ta ce mini a waɗancan ƙasashe ruwan da manomi zai yi ban-ruwa da shi lokacin zafi, da hunturu yake taruwa a kan duwatsu. Aikinta shi ne ta haɗa lissafi a kwamfuta wanda in an ba shi sanyi da iska da yawan dusar da ta zuba, zai faɗi tsayin da ta kai da yadda ta danne kanta. Sannan a gwada lissafin da awo na gaskiya har tsawon hunturu guda. In sun dace ta gama karatu ta dawo gida. In ba su dace ba, sai ta sake wani hunturun.

Uwarta ta riga ta sa wa ranta cewa wannan ne na ƙarshe. Ita ta matsa in je in gano mata 'yarta, tunda gwiwa ba ta barin ta tafiya. Ta haɗa mini kaya kamar mai ƙaura: jarkar Zamzam, dabino, yaji, kuka, da daddawa a ƙulle cikin leda uku. Sale kuma ya ara mini wata kwat da yake taƙama da ita in ya je Ɗa'ifa, ya rantse ko a cikin firiji na kwana ba zan ji komai ba.

Daga Jidda jirgi ya sauke ni a Almati, ƙasar Kazakistan. Ina fitowa ƙofar filin jirgin na gane cewa sanyin Ɗa'ifa wasan yara ne. Kwat ɗin Sale ta zama kamar gyale. Direban da Nafisa ta turo, wani matashin magidanci mai suna Nurlan, ya dube ni ya dubi takalmina, ya kai ni kasuwa. Na fito da wata riga mai nauyin katifa ƙarama da takalma kamar na sojan kashe gobara.

Nurlan ya taɓa zama makarantar addini, don haka yana jin Larabci, amma na littafi. Ko tambaya zai yi ko ina son ban-ɗaki, sai ya yi ta kamar liman a kan mumbari. Ni kuma in na yi masa namu na Hijaz sai ya yi murmushi ya ce in maimaita da Larabci. A haka muka kama hanyar iyakar Kirgizistan, ƙasar da Nafisa take.

A iyakar kowa sauka yake yi da kayansa ya bi wani dogon lungu da ƙafa, mota ta bi nata layin. Jami'in da ya karɓi fasfo ɗina ya duba shi ya dube ni, ya sake dubawa, sannan ya kira wani. Na ce a raina yau kuma baƙar fata da fasfon Saudiyya sun rikita mutum. Suka yi ta nuna wa juna wurin da aka rubuta garin haihuwa. Can sai na farkon ya buga hatimi, ya dafa ƙirjinsa, ya yi wata magana a hankali. Wata mata a bayana ta fassara mini da guntun Larabci: mahaifiyarsa ba ta da lafiya, yana roƙon in na koma in tuna da ita a gaban Ka'aba. Na rubuta sunanta a bayan tikitina, kuma na cika alkawari. Mai binciken kaya ne kawai bai ji daɗina ba. Ya kwance ledar daddawa ta farko da ta biyu, yana kaiwa ta uku ya ja da baya, ya yi mini alama da hannu in tafi da abina.

Mun kwana ɗaya a Bishkek, babban birninsu, a wani masauki mai tsabta, washegari muka nufi duwatsu. Ƙauyen su Nurlan yana gindin dutsen da za mu hau, kuma labari ya riga mu isa cewa mutumin Makka na tafe. Na tarar an yanka rago. Shayi suke zubawa ɗan kaɗan a gindin kwano, wannan bai ba ni mamaki ba don haka muke yi da gahawa. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake cewa ya isa. Na yi ta girgiza kwanon kamar yadda muke girgiza finjali, uwar Nurlan kuma tana ɗauka ƙari nake nema. Sai da cikina ya zama tulu kafin Nurlan ya nuna mini tafin hannu ake ɗorawa a bakin kwanon.

Aka ajiye mini kan ragon sukutum a faranti. Na yi bismilla na gyara zama, na ce lallai mutanen nan sun san girman baƙo. Har na kai loma biyu Nurlan ya sunkuyo ya sanar da ni, da Larabcinsa na huɗuba, cewa babban baƙo raba kan yake yi ga jama'a, kowa da yankinsa, kunne na yara ne. Ashe yaran da suka zuba mini ido ba fuskata suke kallo ba. Akwai kuma wani nama mai maiƙo da aka yanka zagaye-zagaye, sai da na ci na yaba aka ce na doki ne. Malamai sun yi saɓani a kan naman doki, amma cikina bai yi saɓani ba.

Na so in rama alheri da Zamzam. Muka buɗe bayan mota muka tarar jarkar ta zama dutse. Shekara hamsin da wani abu ina shan Zamzam, ban taɓa tunanin zan ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara ba. Aka jingina ta kusa da murhu, kakar Nurlan ta ja kujera ta zauna gadinta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba har ta narke.

Hawan dutsen ya ci mana rabin yini, ga hazo ya rufe ko'ina, ban ga komai ba sai bayan kan Nurlan. Tashar awon da Nafisa ke aiki ɗan gida ne mai ɗaki biyu da murhun ƙarfe. Nafisa ta fito a naɗe cikin kaya, hancinta kawai na gane. Ta rame kaɗan amma tana cikin walwala. Ta gabatar da ni ga malamarta, Gulnara, wata 'yar ƙaramar dattijuwa mai tabarau wadda ba ta ɓata magana, da kuma Asan, tsohon da ke gadin wurin. Asan yana da kare mai girman ɗan maraƙi, kuma a cikin ɗaki yake kwana kusa da murhu, kan shimfiɗa, kamar ɗan gida. Na kau da kai, baƙo ba ya gyara wa mai gida gida.

Da safe Nafisa ta ja ni gangare zuwa wani rami da suka haƙa a cikin dusar, zurfinsa ya kai mini ƙirji. Ni da na ɗauka abin fari ne kawai tun daga sama har ƙasa. Ta goge bangon ramin da buroshi sai ga shi hawa-hawa, kowane zubi da nasa layin, kamar katifun da aka jera a sito. Na sama laushi kamar auduga, na tsakiya ya yi tauri sai da fensir ake huda shi, na can ƙasa kuwa warwatse yake kamar sukari. Tana yanko kowane hawa da wani gwangwani ta ɗora a sikeli. Ta ce tsayi kaɗai ba ya gaya maka ruwan da ke ciki, domin dusar da ta kai gwiwa yau, bayan kwana uku ta kwanta ta koma ƙwauri, alhali ko ɗigo bai fita ba.

Na ce ai wannan sana'ata ce. Sabuwar katifa tana da tsayi, alhaji ya kwana uku a kanta a Mina ta lotse, amma in ka ɗaga nauyinta na nan. Ta ce na yi rabin gaskiya. Katifa in alhaji ya tashi tana tasowa, wannan kuwa in ta kwanta ta kwanta ke nan, kuma ko ba a ɗora mata komai ba tana sauyawa daga ciki, saboda ƙasa ta fi iska ɗumi. Shi ya sa take buƙatar lissafi, ni kuma tafin hannu ya ishe ni.

Yatsun ƙafata suka daina jin magana, na bar Nafisa da Gulnara a ramin na koma gidan ni kaɗai. Asan ya tafi ɗebo itace. Azahar ta yi. Na yi alwala da ruwan ɗumi, na duba ɗakin, sai ga karen nan ya miƙe a tsakiyar shimfiɗa yana lasar ƙafa, yawunsa har ƙasa. Na ɗauki dardumata na fita neman wuri mai tsarki.

A bayan gidan na same shi. Fili ne mai kusurwa huɗu, an kewaye shi da igiya da 'yan jajayen tutoci, sumul, ko sawun tsuntsu babu. A ciki akwai dogon ƙarfe mai hannu guda a miƙe. Ku gaya mini, ku mutanen Makka, in kun ga wuri mai tsabta an ja masa igiya an hana kowa takawa, me za ku ɗauka? Na duba alƙibla a waya, sai ga ƙarfen daidai gabana. Har na sa wa Asan albarka a zuciyata. Na ɗaga igiyar na shiga, na nutse har cinya. Na ce lallai an kwana biyu ba a yi jam'i a nan ba. Na shiga tattakawa kamar mai kwaɓin ƙasar gini, har na daddale wuri mai faɗin katifa babba a ƙarƙashin hannun ƙarfen. Na shimfiɗa darduma na yi sallata cikin natsuwar da na daɗe ban samu ba. Ina naɗe dardumar sabuwar dusa ta fara zuba, ba ta tsaya ba sai washegari.

Wajen karin kumallo na ga Nafisa ta bar shayinta ya huce, ta ƙura wa kwamfuta ido. Na leƙa. Layi biyu ne, shuɗi da ja. Ta ce shuɗin lissafinta ne, jan kuma abin da na'ura ke aunawa. Tun farkon hunturu suke tafe kafaɗa da kafaɗa, sai jiya da misalin ƙarfe ɗaya jan ya faɗa rijiya, kuma ko da sabuwar dusa ta zuba bai komo wurin ɗan'uwansa ba. Na tambaye ta ina na'urar take. Ta nuna mini ta taga. Tana rataye a hannun ƙarfen nan, tsayin dusar da ke ƙarƙashinta take aunawa dare da rana, shi ya sa tun zubin farko ba a bar ko kare ya taka wurin ba.

Na ajiye gurasar da ke hannuna.

Nafisa da Gulnara suka fita suka tsaya a bakin igiya suna kallo. Dusa ta rufe komai, sai ɗan lotsawa kaɗan. Suka dawo suna ta shawara, Nafisa na ɗan fassara mini. Iskar jiya ba ta kai ta kwashe dusa haka ba. Abin da ya rage shi ne wataƙila hawan nan na ƙasa mai kama da sukari ne ya rufta, kuma in haka ne lissafinta bai san da irin wannan ba, akwai babban gibi a cikinsa. Ta zauna ta fara sauya lambobi. In ta tilasta wa shuɗin ya bi jan a jiya, sai wata biyun baya su wargaje. In ta gyara baya, jiya ta ƙi. Wajen hantsi ta jingina da bango ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baba, ina jin sai ka lallashi Umma ta ƙara haƙurin shekara."

Zan faɗi gaskiya, ban yi magana nan take ba. Na ce a raina babu wanda ya gan ni, sawu ya rufe, jibi zan tafi. Ga kunyar a ce dattijo ya taso tun daga Makka ya yi ɓarnar da karen gidan bai yi ba. Na fita na taya Asan faskare, abin da rabona da yi tun ina saurayi. Amma ni ɗan kasuwa ne. Na san mai rage mudu don ya cuci jama'a. Ban taɓa ganin mai mudun gaskiya ya zauna yana fafe mudunsa don ya dace da kayan algus ba, sai ranar, kuma algus ɗin nawa ne.

Na ajiye gatarin na shiga. Na ce, "Nafisa, bar taɓa lambobin nan. Ba dusa ce ta rufta ba, ni ne. A can na yi azahar jiya."

Ta ɗago a hankali. "A ina, Baba?"

"Cikin igiyar."

"A gefe?"

"A tsakiya. Ƙarfen na sa a gabana ya zame mini sutura."

Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, na kasa gane kuka take ko dariya. Ina jin ita ma ba ta sani ba. Da ta fassara wa Gulnara, dattijuwar ta cire tabarau ta goge ta mayar. Na shirya jin faɗa. Sai ta tambayi nauyina, da faɗin wurin da na tattake, da minti nawa na yi. Sannan ta ce maganata ba hujja ba ce, sai an haƙa an gani. Ta ɗauko shebur ta miƙa mini, wannan bai buƙaci fassara ba.

Na haƙa daga bakin igiya zuwa ƙarƙashin na'urar, numfashina na fita kamar na tsohuwar mota a hawan Hada, hanyar Ɗa'ifa. Nafisa ta goge bangon. Layukan suna tafe a jere, tiryan-tiryan, sai suka zo wani wuri suka murƙushe suka zama dunƙule ɗaya mai tauri. Da ta share sabuwar dusar da ke kansa, ga sawun takalmina nan birjik, har zanen ƙasansa. Asan ya leƙo ya yi wata magana ya tafi yana girgiza kai. Wai cewa ya yi shekararsa da yawa yana gadin filin daga dawaki da karnuka, bai taɓa tunanin ta wajen alhaji za a zo masa ba.

Saura babbar tambaya. Akwai kusurwa ɗaya ta filin da ban kai gare ta ba. Gulnara ta sa Nafisa ta mayar da lambobinta yadda suke da, ta rubuta a takarda tsayin da lissafin ya ce dusa ta kai a wannan sa'a, ta ninke ta ba ta. Sannan dattijuwar da kanta ta zura sandar awo a kusurwar har ta taɓa ƙasa. Ta karanta, ta buɗe takardar, ta nuna mana duka biyun. Tsakaninsu bai kai kaurin yatsa biyu ba. Suka yanki hawa-hawan suka auna nauyi, nan ma aka dace.

Gulnara ta yanke hukunci a tsaye. Za a juya hannun ƙarfen ya koma kan kusurwar, a cire awon yini ɗaya da rabi, hunturun kuma yana nan daram. Sharaɗinta ɗaya, duk abin da ya taɓa filin sai an rubuta shi a littafin tashar, da sa'a da dalili. Nafisa ta zauna da alƙalami, ta rubuta rana da lokaci, ta tsaya tana cizon leɓe.

"Baba, raka'a nawa?"

"Azahar da la'asar na haɗa. Biyu-biyu."

Ta rubuta. Na ce ta gaya wa malamarta su gode wa Allah matafiyi ne ni, da mazaunin gari ne da har nafila sai na yi. Wannan ne karo ɗaya da na ga haƙoran Gulnara.

Ranar da zan sauko Nafisa ta rako ni bakin mota. Ta ce da na yi shiru da ba za ta taɓa sani ba, da ta lalata aikin shekara biyu da hannunta tana ganin gyara take. Na ce ai na yi shirun, na rabin yini, kada ta ba ni ladan da ban ci ba. Ta ce ta karɓi rabin.

Dawowa ba ta da labari, sai dai kunnuwana sun yi kwana biyu suna zafi. Da na isa gida na zauna na kwashe komai na gaya wa uwarta, ban rage ko sawu ɗaya ba. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita abu ɗaya take son ji, yaushe 'yarta za ta dawo. Na ce da zarar dusar dutsen ta narke. Ta ce to madalla, kafin nan kuma ko an gayyace ni kada in sake zuwa.